An Ce Ba a Ga Komai Ba, Amma Ƙirji Bai Daina Ciwo Ba? Ga Abin Yi

'Yar uwa, idan ƙirjinki na riƙewa duk sanda kika yi sauri ko kika ɗaga bokitin ruwa, an kuma yi miki gwaji an ce ba a ga komai ba, da ke nake. Haka ma idan an riga an faɗa miki kina da ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ciwon suga. Kai ma ƙanena kada ka wuce, akwai naka kason a ƙasa.

Bari mu fara da yadda abin yake. Zuciya tsoka ce mai bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, kuma ita ma sai an shayar da ita jini. Manyan jijiyoyi uku ne ke kwance a jikinta daga waje. Daga gare su rassa ke tsirowa su nutsa cikin naman zuciyar, suna ta ƙanƙancewa har su kai ga waɗanda suka fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Manyan nan kamar titin Abuja zuwa Akwanga ne da ya ratsa Keffi, ƙananan kuwa su ne lungunan Gangaren Tudu. Titi yana iya zama sumul, amma in lungunku ya cushe, mai kurar ruwa ba zai iso ƙofar gidanku ba.

Ko kina zaune ba kya komai, zuciya tana kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya iso mata. To idan aiki ya ƙaru, dabara ɗaya ta rage mata: ƙananan jijiyoyin su buɗe, jini ya ƙaru. A jikin mai lafiya yana ninkuwa sau 3 zuwa 4, wani lokaci ma fiye. Abin da ke ba su umarnin buɗewa wani sinadari ne, naitirik oksaid, wanda siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyar ke samarwa. Gano aikinsa ne ya jawo wa masana uku na Amurka lambar Nobel a 1998. Hawan jini, suga, kitse a jini da hayaƙi su ne ke cinye wannan fatar sannu a hankali. Bangon jijiyar ya yi kauri, buɗewa ta gagara, wasu ma su toshe su ɓace. Sai ki hau ɗan tudu, zuciya ta nemi ƙari ta rasa, ƙirji ya ɗaure.

Me ya sa gwaji bai nuna ba? Hoton jijiyoyin zuciya da ake kira anjiyogiram ba ya ganin jijiyar da faɗinta bai kai rabin milimita ba. Cikin masu ciwon ƙirji da ake yi wa wannan hoton, kusan rabi ba a samun wata babbar toshewa, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. A 1973 likitoci suka laƙaba masa suna "ciwon X" saboda ya ɗaure musu kai, aka kuma daɗe ana ɗaukarsa ba shi da haɗari. Wani babban bincike kan mata da aka fara a Amurka a 1996 ya nuna akasin haka: masu shi sun fi sauran mutane haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya. A 2018 likitocin Gilasgo a Birtaniya suka nuna cewa in an gano shi aka ba da maganin da ya dace, ciwon na raguwa. Saboda haka ciwonki na gaske ne, yana kuma da magani. Ga inda za ki fara.

1. Gobe da safe ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta.

Duk sanda ciwon ya zo, rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, me kike yi, minti nawa ya ɗauka, me ya kwantar da shi. In ba kya rubutu, ɗaya daga cikin yara ya rubuta miki.

Ciwon ƙananan jijiyoyi yana da halinsa. Yakan wuce minti 10. Yakan zo bayan an gama aikin, ko lokacin ɓacin rai, ko cikin sanyi. Wani sa'in ma ba zafi ba ne, haki ne da gajiya mai nauyi, ko ciwo a tsakanin kafaɗu, a muƙamuƙi, ko a hannu. Olsa kuwa tafiyarta da abinci take: yunwa ko yaji ke tayar da ita. A unguwanninmu duk abin da ya taɓa ƙirji olsa ake ce masa, a yi shekaru ana shan farin ruwan nan na kemis. Mako biyu na rubutu zai taimaki likita ya raba su.

2. Ki san ranar da ba a jira.

Ciwon ƙirji mai danna kamar an aza nauyi, da ya kai minti 15 bai lafa ba ko da kin zauna. Zufa mai sanyi, amai, jiri ko suma. Numfashi ya gagara kina zaune. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, sai sashen gaggawa na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, FMC, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya jiƙa magani, kada a tsaya jiran gari ya waye. Tun yau ki ajiye lambar masu Keke Napep biyu na unguwa a wayarki da ta maigida.

3. Ki auna hawan jini, ki kuma auna shi daidai.

A Najeriya kusan babba 1 cikin 3 na da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Shi ne babban maƙiyin ƙananan jijiyoyi. Kada ki jira ciwon kai, don sau da yawa ba ya ba da wata alama.

In da hali, ku haɗa kuɗi a gida ku sayi na'urar awo mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta fi ta wuyan hannu inganci. Ki zauna minti 5 kin jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ban da goro, kofi ko taba minti 30 kafin awon, ban da magana lokacin da ake yi. Auna sau biyu, safe da yamma, har kwana 7, ki rubuta a littafin nan. A gida ana so ya tsaya ƙasa da 135/85. A asibiti, 140/90 zuwa sama hawan jini ne. In kin ga 180/120, musamman tare da ciwon kai, ciwon ƙirji ko dishi-dishin ido, ranar za ki ga likita.

In babu na'ura, asibitin sha-ka-tafi na unguwa zai auna miki. Ranar 17 ga Mayu ta hawan jini da 29 ga Satumba ta zuciya, sau da yawa akan yi awo kyauta. Ki saurari sanarwa.

4. Ki nemi a duba inda ƙananan jijiyoyi ke tona asirin kansu.

Na cikin zuciya suna da wuyar gani, amma 'yan uwansu na sauran jiki ba su ɓuya ba, kuma abin da ya taɓa wannan yakan taɓa wancan. Wannan matakin na fi so ki riƙe, don ba shi da tsada.

Ido: bayan ƙwayar ido ne wurin da likita ke kallon ƙananan jijiyoyi kai tsaye da fitilarsa. Mai suga ko hawan jini ya je sau ɗaya a shekara.

Fitsari: ƙoda curin ƙananan jijiyoyi ce. In sun fara lalacewa, sinadarin furotin yakan zubo cikin fitsari tun kafin ki ji komai. Ki ce a duba miki shi, a haɗa da gwajin ƙoda na jini.

Ƙafa: jin kamar ana tsira allura, mutuwar tafin ƙafa, ko ciwon da ya ƙi warkewa. Duba ƙafafunki kowane dare, har tsakanin yatsu.

Jini: suga kafin karin kumallo (126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, zuwa sama alamar ciwon suga ce), kitsen jini wato kwalastarol, da yawan jinin kansa. Ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu, shi kaɗai ma yana sa haki da bugun ƙirji, yana kuma tsananta duk wani ciwon zuciya.

5. Ki shiga wurin likita da shiri.

Tafi da littafinki da duk magungunan da kike sha a leda, har da na gargajiya. Kada ki ce "jikina ne ba daɗi" ki yi shiru. Ce: "Likita, ƙirjina na ɗaurewa in na yi tafiya, yana kai minti kaza, ga abin da na rubuta." Ki faɗi ko kin taɓa yin hawan jini, jijjiga ko suga lokacin ciki, ko da shekara 20 ke nan. Macen da ta taɓa yin hawan jinin ciki mai tsanani, haɗarin ciwon zuciya a gare ta ya kusa ninki biyu. Ki faɗi ko al'ada ta ɗauke miki, ko akwai sikila a gidanku.

Za a fara da ECG, wato gwajin bugawar zuciya, da hoton zuciya na eko. ECG da aka yi kina kwance kina hutawa yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan, shi ya sa akan ƙara da gwajin tafiya a kan na'ura. In ana buƙatar anjiyogiram, sai a tura ki Abuja, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai. Ya fito babu toshewa? Alhamdu lillahi. Sai ki tambaya cikin ladabi: "Ko matsalar ƙananan jijiyoyi ce? Wane magani za mu gwada?" Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2024 sun ce a bi sawun wannan matsalar ga mai ciwon da ya ƙi tafiya. Tambayarki tana kan hanya.

6. Magani ba ya aiki a cikin kwali.

Likita zai iya rubuta miki amlodipine mai sassauta jijiyoyi, ko lisinopril ko losartan masu kare fatar jijiya da ƙoda, ko bisoprolol ko carvedilol masu rage gudun zuciya, ko atorvastatin na kitse. Wanda ya dace da ke shi zai zaɓa. Naki shi ne sha kullum, a lokaci guda. Ɗaura shi da sallar asuba ko ta isha'i, ba za ki manta ba.

Awo ya sauko? Maganin ne ya saukar da shi, ki ci gaba. Kuskuren da ya fi kwantar da mutanenmu ke nan: a ji sauƙi a ajiye, sai ya dawo da ƙarfi. Bisoprolol da carvedilol musamman, yanke su farat ɗaya na iya tayar da ciwon ƙirji.

Lisinopril yakan sa busasshen tari, amlodipine yakan kumbura idon sawu. Koma a canza miki, akwai wasu. In kina da ciki ko kina neman samu, faɗa tun kafin a rubuta, don lisinopril da losartan na cutar da ɗan tayi. Kada kuma ki ari maganin maƙwabciya don kawai ku duka "hawan jini" gare ku.

7. Abin da za ki daina saya a kemis.

Diclofenac, ibuprofen da piroxicam, da haɗin ƙwayoyin "ciwon jiki" da ake ƙullawa a leda. Suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna ɗaga hawan jini, suna wahalar da ƙoda. In ciwon jiki ne, farasitamol ya fi aminci. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata ke sha, irin su dexamethasone, suna kawo suga da hawan jini. Maganin mura mai buɗe hanci yana matse jijiyoyi. Asfirin na kullum kuma sai da izinin likita, don yana iya sa zubar jini a ciki.

8. Gyara tukunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, a haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabin nauyinsa gishiri ne. In kina sa shida a miya, wannan makon ki sa huɗu, mako mai zuwa uku. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, mutanen gida ma ba lalle su lura ba in kin bi a sannu. Cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da kanumfari.

Kanwa ma dangin gishiri ce a wurin jijiya. Ki jiƙa wake tun dare, zai nuna ba sai da ita ba. Ƙullin ɗanɗano na taliyar yara, yajin tsire, kilishi da kifin gwangwani, a rage.

Ganye kuwa a ƙara, kullum: alayyafo, zogale, rama, ugu. Ganyaye irin alayyafo na ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama naitirik oksaid ɗin nan mai buɗe jijiyoyi. Allah ya hore wa Nasarawa riɗi, wake, gyaɗa, dawa da mangwaro, duk suna kasuwar Keffi. Tuwon dawa ko na gero ya fi farar shinkafa da burodi ga mai suga. Man da aka soya abu da shi sau uku ya yi baƙi, zubar da shi. Lemon kwalba ya zama na ranar biki. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage hawan jini, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita ganye, ayaba da lemo.

9. Tafiya ce maganin da ke gina sababbin jijiyoyi.

In jini na gudu da ƙarfi a kai a kai, fatar jijiya tana ƙara samar da sinadarin buɗewa, tsoka kuma tana tsirar da sababbin ƙananan jijiyoyi. Abin da ake nema minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar.

Kada ki fara da 30. Fara da minti 10 bayan gari ya waye, a wuri mai shimfiɗe, hawan tudu sai daga baya. Minti biyar na farko a hankali, don jijiyoyin su samu su buɗe. Ma'aunin saurin: ki iya magana, amma ki ji numfashi ya ɗan ƙaru. Duk mako ƙara minti biyar. Ki nemi abokiyar tafiya, ku guji bakin babban titi saboda hayaƙin tireloli. In fita na da wuya, zagaya tsakar gida ma tafiya ce. Ƙirji ya riƙe? Tsaya, huta, rubuta. Wadda aka ce zuciyarta ta kumbura, ko ciwonta na ƙaruwa kwanan nan, ta nemi izinin likita tukuna.

10. Hayaƙi, kowane iri.

Sigari, shisha da tabar shaƙa duk suna matse jijiya nan take. Hayaƙin da maigida ya busa a ɗaki ke ma kin sha. Na murhu ma yana shiga jini ta huhu: ki yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa, da busasshen itace, kada ki hura wuta da leda. Janareta ya yi nesa da taga. Gawayi kuma ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki.

11. Mai ciki da mai jego, ku matso kusa.

Akwai ciwon zuciyar da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka yi rubutu a kansa. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. A shekarar ce kuma masana a Hanoba ta Jamus suka nuna cewa lalacewar ƙananan jijiyoyin zuciya na cikin tushensa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, bai sami alaƙa kai tsaye da su ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin abin hannu, da hawan jinin ciki. Don haka a ganina, maimakon a tsaya jayayya da iyaye kan tukunyar wanka, a sa ƙarfin a kan awon ciki da ciyar da mai jego: ƙwai, kifi, wake, nama in ya samu. Sai dai wadda ke da hawan jini ko kumburi, ta bar kunun kanwa, kuma ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai, don gishiri da zafi mai tsanani nauyi ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji.

Alamomin da za a lura: haki a kan ɗan aiki, kasa kwanciya sai an tara matasai, tarin dare, kumburin ƙafa da ya ƙi sauka bayan haihuwa. Ba gajiyar jego ba ce, ba kuma sanyi ba ne. A kai ta a yi mata eko, ko arba'in ba ta cika ba. Da yawa suna warkewa in an fara magani da wuri. Maganar shayarwa da ta ciki na gaba, a yanke su tare da likita.

12. Kai kuma, ƙanena.

Raunin mazakuta sau da yawa saƙo ne daga jijiyoyi. Na wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara nunawa, wani lokaci shekara 2 zuwa 5 kafin ƙirji ya yi magana. Ka je a auna maka hawan jini, suga da kitse, ka faɗa wa likita gaskiya. Ya ji irinta ba adadi.

Ga gargaɗi mai muhimmanci: in kana shan maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe, ko isosorbide, haɗa shi da maganin ƙarfin maza na sildenafil na iya faɗar da jininka har ya kai ga rasa rai. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza da ake cewa na gargajiya ne alhali an cusa musu wannan sinadarin a ɓoye. Lemon ƙara kuzari na gwangwani da tiramol, waɗanda wasu masu acaɓa da direbobin hanyar Abuja ke sha don su jure aiki, su ma a bar su. Goro a rage. In kana minshari mai ƙarfi har numfashi na yankewa cikin barci, ka ambata, yana da hannu a hawan jini.

13. Hunturu, azumi da aljihu.

Sanyi na matse jijiyoyi ya ɗaga hawan jini. Daga Disamba zuwa Fabrairu ki ɗumama ruwan alwala da na wanka, ki rufe ƙirji da hanci in za ki fita da asuba, ki jinkirta tafiyar motsa jiki sai rana ta ɗan fito.

Wata guda kafin Ramadan ki je a tsara miki lokutan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai shan maganin sa fitsari ko na suga ya fi kowa buƙatar wannan. In likita ya ce azumi zai cutar da ke, ki kai maganarsa wurin malami, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Maganin da likita ya rubuta miki na wata-wata ne, don haka ki sa shi cikin lissafin cefane. Ki tambayi likita ko mai kantin magani samfurin da ya fi araha mai lambar NAFDAC, sinadarin ɗaya ne. Ki je ofishin hukumar inshorar lafiya ta Jihar Nasarawa, NASHIA, ki tambayi tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Idan kina adashe, ware kuɗin maganin wata uku daga kwasar farko, ki kuma riƙa sayen sabo tun saura na mako guda.